Dafi Mai Shela Da Dafi Mai Shiru

Wannan bayani ne zuwa ga malamai da almajirai, da fatake da masu awon hatsi, a kan dafin da ke cikin waɗansu tsirrai na ƙasar Sakkwato, da abin da masana suka ga yana yi wa jini sa'ad da suka jarraba shi a jikin ɓeraye da zomaye.

Wanda ya bi babbar hanya daga birnin Sakkwato ya nufi kudu maso yamma, ya wuce Boɗinga, ya wuce Shagari, zai iske Kajiji kafin ya kai Tambuwal. Ƙasa ce ta gero da dawa da wake, ta shanu da tumaki da awaki. Idan damina ta yi nisa, a bisa juji da cikin kango da bayan garka, akan ga wani tsiro mai faɗin ganye, furensa dogo kamar bakin kakaki, 'ya'yansa a dunƙule cikin kwanso mai ƙaya. Ko wane yaro ya san shi, shi ne zaƙami, wanda ake ce wa haukata-yaro, waɗansu kuma su ce babba-jiji. Ba a bukatar a tsoratar da kowa game da shi, gama wanda ya taɓa ganin saurayi ya sha shi yana cafkar iska yana zance da bango, ya riga ya sami wa'azi.

Makiyaya kuma sun san nasu. Sun san samberu, wanda ganyensa kan kashe tunkiya, sun san gwaska da ake shan rantsuwa da ita a zamanin da, sun san duman kada da kan sa ƙananan dabbobi makyarkyata idan rani ya matsa suka ci shi da yawa. Duk waɗannan dafinsu mai shela ne, a sha yanzu a gani yanzu. Amma akwai waɗansu tsirrai a gonakin nan da fadamun nan waɗanda dafinsu ba ya shela. Yakan shiga ya zauna cikin hanta ko ɓargo, yana cin jini a hankali, har ran da mutum ko dabba za ta faɗi, a ɗora wa wata cuta laifi. Irin wannan dafi ido ba ya kama shi, sai da awo, kuma ɓeran gwaji ne ya fara tona asirinsa.

Fasali na 1: Asalin wannan dafi

Masana suna kiran jinsin wannan dafi alkaloyid. Wani Bajamushe mai haɗa magunguna, Meissner, shi ya raɗa sunan a 1819, ya kuwa ciro shi daga kalmar Larabci alƙalyu, watau tokar tsirrai, domin ɗabi'ar waɗannan abubuwa a cikin ruwa ta yi kama da ta ruwan toka da kanwa. Galibinsu masu ɗaci ne. Tsiro ba shi da ƙafar gudu, saboda haka ɗacin nan shi ne makaminsa a kan ƙwari da dabbobin da ke son cinsa.

Kada a zaci alkaloyid baƙon abu ne. Abin da ke cikin goro mai hana barci alkaloyid ne, ana ce da shi kafeyin. Abin da ke kama mai shan taba har ya kasa bari shi ma alkaloyid ne, nikotin. Kwinin da aka daɗe ana sha domin zazzaɓin cizon sauro, waɗansu Faransawa biyu, Pelletier da Caventou, su suka tace shi daga ɓawon wani itace a birnin Faris a 1820. An san dubban irinsu yanzu. Waɗansu sun zama magani a asibiti, waɗansu ƙwayar gero ɗaya tasu ta isa ta kashe ƙato, da yawa kuwa sun haɗa halin biyu, awo kaɗai ke raba tsakani.

Likitocin Musulmi na da ba su jahilci wannan ba. Ibnu Sina ya ambaci zaƙami da sunan jauzu masil, ya sa shi cikin masu gusar da hankali. A ƙasar nan ma, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya zauna a Boɗinga, ya wallafa Masalihul Insani a kan gyaran addini da jiki, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya rubuta littattafai a kan magani, har ya keɓe risala guda ga filasko kaɗai. Ashe binciken tsirrai da ƙididdige amfaninsu da cutarwarsu gado ne a wannan yanki. A 1916 wani likita Bature, Dalziel, ya tara sunayen tsirrai na Hausa cikin littafi guda, a 1977 kuma malaman likitancin dabbobi biyu a Zariya, Nwude da Parsons, suka jera tsirran Nijeriya masu iya halaka dabbobi.

Fasali na 2: Jini da rundunarsa

Kafin a fahimci ɓarnar dafi, sai a san abin da yake ɓatawa. Jini a ido ruwa ne ja, amma a ƙarƙashin madubin likita gari ne cike da jama'a iri uku suna yawo cikin ruwa mai launin rawaya.

Na farko jajayen ƙwayoyi, su ne fataken jiki, suna ɗauko iskar numfashi daga huhu su kai ko wace gaɓa. A ɗigon jinin da bai fi kan allura ba akan sami wajen 5,000,000 daga cikinsu, ko wace ɗaya takan rayu kwana 120. Idan suka ragu sai a ga tafin hannu da cikin ido sun yi fari, mutum yana haki bisa ɗan aiki kaɗan. Na biyu fararen ƙwayoyi, su ne dakaru, daga 4,000 zuwa 11,000 a wannan ɗigo. Waɗansunsu sukan haɗiye ƙwayoyin cuta, waɗansu sukan ƙera makami na musamman domin ko wace cuta, su kuma riƙe kamanninta don gaba. Aikinsu shi ake kira garkuwar jiki. Na uku ƙananan ɓarɓashi ne masu toshe rauni domin jini ya daskare ya tsaya.

Duk ukun a ɓargo ake haifarsu, dare da rana ba hutu, gama mafi yawan dakarun nan ba su cika kwana guda suna yawo cikin jini ba sai a bukaci waɗansu. Barikinsu kuwa saifa ce, da 'yan ƙullutun nan na hammata da matsematsi waɗanda idan sun kumbura ake cewa kaluluwa, da wata tsoka ƙarama a bayan ƙashin ƙirji inda ake horar da su. Hanta kuma ita ke haɗa abin da ke riƙe ruwa cikin jijiyoyi da abin da ke sa jini ya daskare. Saboda haka dafin da ya taɓa ɓargo ko hanta ya taɓa jini duka.

Fasali na 3: Yadda ake gwaji

Ba ya halatta a ɗura wa ɗan Adam dafi domin a ga abin da zai faru, don haka masana suka koma ga ɓera, wanda Sakkwatawa ke ce wa kusu. Ba na rumbu ake kamawa ba. Wani irin fari ne mai jan ido, wanda aka fara kiwonsa domin bincike a birnin Filadelfiya ta Amurka tun 1906, ana ce da shi Wistar. Jikokinsa suna nan a ɗakunan gwaji na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi ta Vom wadda aka kafa a 1924. An zaɓi ɓera domin jininsa da hantarsa da ɓargonsa suna aiki kusan yadda na mutum ke yi, ga shi kuma gajeren rai gare shi, abin da zai ɗauki shekaru a jikin mutum sai a gan shi cikin makonni.

Ga yadda ake yi. A samo ɓeraye masu kai ɗaya, a auna nauyin ko wane, a raba su kashi huɗu. Kashi na farko ba a ba su kome sai abinci da ruwa, su ne shaidu waɗanda za a gwada sauran da su. Kashi na biyu a ba su ɗan kaɗan daga ruwan tsiron, na uku matsakaici, na huɗu mai yawa, ko wane bisa gwargwadon nauyin jikinsa. A yi ta haka kullum har kwana 28, ko kwana 90. Sa'an nan a ɗebi jininsu a sa cikin siririyar kwalba, na'ura ta juya ta da sauri, sai jajayen ƙwayoyi su kwanta a ƙasa, farare su yi ɗan zare a bisansu, ruwan ya tsaya a sama. Da haka ake sanin ko jini ya ragu. A ƙidaya ƙwayoyin, a auna hanta da ƙoda da saifa, a yanki ɗan sili a duba a madubi.

Gwajin garkuwa kuwa dabararsa abin sha'awa ce. Sai a yi wa ɓera allurar jajayen ƙwayoyin jinin tunkiya. Jikinsa zai ɗauke su baƙi ne mahara, ya tashi ƙera makamai a kansu. Bayan 'yan kwanaki a auna yawan makaman. Idan ɓeran da ya sha tsiro ya ƙera kaɗan, shaidu kuwa suka ƙera da yawa, an tabbata tsiron ya raunana dakarunsa, ko da ana ganinsa yana ci yana tsalle lafiya lau.

Fasali na 4: Zaƙami a kan ma'auni

Dafin zaƙami iri biyu ne manya, atirofin da sikofolamin, sun fi yawa a cikin 'ya'yan. Aikinsu shi ne su toshe saƙon da jijiyoyi ke aika wa gaɓoɓi. Sai yawu ya ƙafe, gumi ya tsaya, fata ta yi zafi ta bushe, baƙin ido ya buɗe, zuciya ta yi ta sauri, fitsari ya ƙi fita, hankali ya gushe. Idan ya yi yawa sai farfaɗiya da suma, wani lokaci ajali. Ƙarfinsa kuwa ya bambanta daga tsiro zuwa tsiro, daga wuri zuwa wuri, daga damina zuwa rani, don haka samarin da ke cewa sun san adadin ƙwayoyin da ba ya cutarwa suna ruɗin kansu ne. Abin da ya bar wani da dariya jiya shi zai kai wani asibiti yau.

Wannan shi ne abin da kowa ke gani. To, idan kaɗan ne ake ci kullum a cikin tuwo ba a sani ba fa? A 1989 masanan ma'aikatar gona ta Amurka suka amsa wannan tambaya. Suka niƙa 'ya'yan wani ɗan'uwan zaƙami na kusa, suka gauraya da abincin ɓeraye, daga rabin kashi ɗaya cikin 100 har zuwa kashi 5 cikin 100, suka ciyar da su kwana 90. Ɓerayen suka kasa yin ƙiba kamar shaidu, hantarsu ta yi girma bisa ga jikinsu, abin nan da hanta ke haɗawa mai riƙe ruwa cikin jijiyoyi ya ragu. Matan suka fi jin jiki, kuma a cikinsu aka ga jajayen ƙwayoyi sun ƙaru. Jahili zai ce ga maganin ƙarin jini ya samu. Masani kuwa ya san dabbar da ke ramewa hantarta na kumbura ba ƙaruwa ta yi ba, ko miya ma idan ruwanta ya ƙone takan yi kauri.

Wannan mas'ala ta fita daga ɗakin gwaji ta shiga kasuwa. A watan Maris na 2019, a yankin Karamoja na ƙasar Uganda, aka raba wa mabukata garin masara da waken soya na agaji. Ashe 'ya'yan wannan tsiro sun shiga cikin waken tun daga gona, aka niƙa su tare. Mutane wajen 300 suka kwanta, 5 suka rasu. Ba wanda ya yi nufin sharri, sakacin tsinta ne kurum.

Duk da haka atirofin da aka tace aka auna yana cikin magungunan da asibiti ba ya rabuwa da su. Manomin da maganin feshin ƙwari ya shiga jikinsa, yawu na dalala numfashi na sarƙewa, sau da yawa allurar atirofin ce ke ceto shi.

Fasali na 5: Masu shiru, baurere da biya-rana

Baurere, wanda ake kira gatarin kurege, tsiro ne mai hawa da ke fitowa da damina, furensa ja da rawaya kamar harshen wuta, saiwarsa a ƙasa mai lanƙwasa kamar ƙotar gatari. Dafinsa kolcisin ne, shi ne kuma ke cikin suranjan da likitocin Larabawa ke ba mai ciwon niƙris. A 1889 wani likita a tsibirin Sisili, Pernice, ya ba karnuka shi ya duba hanjinsu, a 1934 kuma Dustin da almajirinsa a birnin Burasal suka yi wa ɓeraye allurarsa. Abin da aka gano shi ne yana tsayar da ƙwayar halitta daidai lokacin da take rabuwa biyu domin ta hayayyafa. To, inda aka fi hayayyafa a jiki shi ne ɓargo da bangon hanji da tushen gashi, saboda haka nan yake fara sauka.

Yadda yake yi wa mutum daidai yake da yadda ya yi wa dabba. A Sirilanka da Indiya, inda akan ci saiwarsa bisa zaton doya ce, ranar farko amai ne da zawo, fararen ƙwayoyi ma sukan ƙaru. Daga nan wani ya ga kamar ya sami sauƙi. Daga kwana na 2 zuwa na 7 sai ɓargo ya tsaya, dakaru su ƙare, masu toshe rauni su ragu, jini ya riƙa tsattsafowa daga dasashi, ƙwayar cutar da a da ba ta isa kome ba ta sami gari ba mai tsaro. Wanda ya tsira, gashin kansa yakan zube bayan mako biyu ko uku.

Biya-rana kuwa ta fi baurere haƙuri. Ita ce ciyawar nan mai furen rawaya, wadda kwansonta idan ya bushe yakan yi kacau-kacau. Waɗansu irinta suna ɗauke da dafin da ake kira monokurotalin. Abin mamakinsa shi ne ba ya cutarwa sai ya isa hanta. Hanta, a ƙoƙarinta na karya shi, ita ke mayar da shi wuƙa, ya yanki ita kanta, ƙananan jijiyoyin cikinta su toshe. Bayan makonni ko watanni sai ciki ya cika da ruwa, ido ya yi shawara, jini ya ƙi daskarewa. Doki da saniya sun fi saurin kamuwa, kuma sau da yawa dabbar takan faɗi bayan ciyawar da ta ci ta daɗe da bushewa, mai ita ya rasa dalili. Ɓerayen da aka ciyar da 'ya'yanta tun cikin shekarun 1960 an ga jijiyoyin huhunsu sun ƙuntace har zuciya ta kumbura. A 1990 a jihar Oregon ta Amurka aka ba ƙananan ɓeraye monokurotalin, sa'an nan aka yi musu gwajin jinin tunkiya da aka bayyana a baya, aka iske makaman da suka ƙera sun ragu ƙwarai.

Mutane ma sun ɗanɗana. Daga 1974 zuwa 1976, bayan fari, a gundumar Gulran ta lardin Herat a Afganistan, 'ya'yan wata ciyawa mai irin wannan dafi suka gauraya da alkama. Talakawa suka yi ta cin gurasarta wata da watanni ba su ji kome ba. Daga baya dubbai suka kumbura, aka ƙiyasta mutuwar fiye da 1,000.

Fasali na 6: Ɓerayen da mutuwarsu ta zama rahama

Akwai wani fure da ake shukawa domin ado a ƙofar ofisoshi da gidaje, fari ko ja-ja, mai kunne biyar, asalinsa daga tsibirin Madagaskar. Mutanen Jamaika suna dafa ganyensa su sha domin ciwon sukari. A 1952 aka aika da ganyen zuwa Kanada, ya shiga hannun wani likita mai bincike, Robert Noble, a jami'ar Ontariyo ta Yamma. Ya ba dabbobi ta baki, sukarin jininsu bai sauka ba. Sai ya ce bari a gwada ta allura. Ɓerayen suka fito da maruru, suka mutu cikin 'yan kwanaki.

Wani da sai ya zubar da gawarwakin ya ce ganye bai yi ba. Shi kuwa sai ya bincika abin da ya kashe su, ya iske wata ƙwayar cuta ce gama-gari wadda lafiyayyen ɓera ba ya damuwa da ita. Da aka ƙidaya jininsu sai aka ga fararen ƙwayoyi sun kusa ƙarewa, ɓargonsu ya tsaya. Nan tunani ya zo masa: akwai cutar da fararen ƙwayoyi ke haukacewa su yi ta hayayyafa ba iyaka, watau sankarar jini, mai yawan kama yara. Abin da ya rage su a jikin lafiyayye, watakila ya rage su a jikin majiyyaci. Abokin aikinsa Charles Beer ya tace alkaloyid ɗin, aka bayyana shi a 1958, shi ne binbilastin. Ba a daɗe ba aka sami ɗan'uwansa binkiristin daga wannan ganye. Sai an tara ɗaruruwan kilo na busasshen ganye kafin a sami giram ɗaya.

Yau binkiristin yana cikin magungunan da ake haɗawa domin sankarar jinin yara, wadda a da kusan ba mai tsira daga gare ta, yanzu kuwa a ƙasashe masu wadatar asibiti wajen 9 cikin 10 suna warkewa. Ana kuma ba da shi domin kumburin muƙamuƙin yara da likita Burkitt ya bayyana a Uganda a 1958, cutar da ake samu a Nijeriya ma. Amma likita ba ya ba da shi sai yana ƙidaya jinin yaron a kai a kai. Wanda ya ji wannan labari ya je ya tsinki furen ya dafa wa ɗansa, bai ɗauki darasin Noble ba, ya ɗauki rabon ɓerayensa.

Fasali na 7: Iyakar shaidar dabba

Shaidar ɓera tana da iyaka, wajibi ne a san ta. Waɗansu zomaye suna da wani abu a jininsu mai karya atirofin, su ci ganyen da zai haukata mutum su kwana lafiya. Tunkiya da akuya sun fi doki da saniya jure dafin biya-rana nesa ba kusa ba. Don haka maganar nan da akan ji a kasuwa, wai ai akuya ta ci ba ta mutu ba, ba hujja ba ce. Haka nan idan aka ji an ce ganye kaza ya kashe ɓera, sai a tambayi yawan da aka ba shi, gama gishiri ma idan ya wuce kima kisa yake yi. Gwajin dabba gargaɗi ne da nuni ga gaɓar da za a sa wa ido, hukuncin ƙarshe sai an duba mutane.

Kuma masana sun ɗora wa kansu sharaɗi tun 1959, cewa a rage yawan dabbobin gwaji, a sauƙaƙa musu wahala, a musanya su da wata hanya duk inda ta samu. Rai ne, ba a taɓa shi sai da larura.

Tambihi ga 'yan kasuwa da masu ba da magani

Mai sayen hatsi a Kajiji ko Shagari ya kai birni, amana ce a buhunsa. 'Ya'yan zaƙami ƙanana ne masu faɗi, kamannin ƙoda, na biya-rana ma ƙanana ne masu sheƙi, suna iya ɓuya cikin wake da dawa da riɗi. A nome su daga gona da gefen masussuka tun ba su yi 'ya'ya ba, a sheƙe hatsi a tsince shi kafin a kai inji, gama abin da aka niƙa ba ya tsintuwa, wuta kuma ba ta kashe wannan dafi. Mai sayar da harawa da ciyawa ya duba damin da zai kai wa mai doki. A 1998 a birnin Delhi na Indiya, man girki da aka gauraya da man 'ya'yan kwarko, ƙayar nan mai furen rawaya da ake ce wa haƙorin kada, ya kwantar da mutane fiye da 3,000, ya kashe fiye da 60. Ribar da aka nema ba ta kai kuɗin likkafani ba.

Malamin da ake zuwa wurinsa neman taimako, da mai shimfiɗa saiwoyi ran kasuwa, su sani ɗaci ba shaidar warkarwa ba ne, rashin faɗuwar mai sha nan take kuma ba shaidar aminci ba ce. A nisanci haɗa abin da ba a san shi ba, a nisanci sa mutum ya yi ta shan jiƙo wata da watanni, balle mai ciki da mai shayarwa da jariri, domin dafin hanta yakan bi nono. Idan aka ji mai talla na cewa maganinsa yana ƙara jini ko yana ƙarfafa garkuwa domin an gwada a ɓera ƙwayoyi sun ƙaru, a tuna da baurere, wanda ke ƙara dakaru ranar farko ya ƙarar da su ranar biyar. Lambar hukumar NAFDAC a jikin kwalbar maganin gargajiya ma shaida ce cewa an gwada cutarwarsa, ba ta tabbatar da duk abin da mai shi ke faɗa ba.

Wanda ya sha zaƙami, a kai shi asibiti da gaggawa, a tafi da ragowar abin da ya sha. A sanyaya jikinsa da ruwa, a tsare shi daga rijiya da wuta da hanya, kada a ɗura masa nono ko manja yana cikin maye, don kada ya shaƙe. Wanda ya ci saiwar da ba a sani ba ya yi amai da zawo, a kai shi ko da ya ce ya warke, a roƙi a auna jininsa, a sake aunawa bayan kwana biyu. Idan gida guda ko unguwa guda aka ga cikin mutane yana kumbura, a duba rumbun da suke ci, a kai samfurin hatsin wurin ma'aikatan lafiya. Dabba kuma idan ta rame ta yi shawara ba dalili, a kira malamin dabbobi kafin a kai ta mahauta.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya tsare jama'a da dukiyarsu, ya sa albarka a abin da gona ta bayar. Haza wasalam.